Cire ABS daga motar gudu: abin da ke fita tare da shi, da yadda ake aikin idan ya zama dole

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina da BMW E46 330Ci ƙirar 2003, 'yar Kwatano. Fitilar ABS da ta DSC da ta birki sun kama a dashbod, sun ƙi mutuwa. Ina so in riƙa shiga wasan mota da ita a fili ranakun hutu, amma wani lokaci da ita nake zuwa aiki. Bakanikena ya ce a cire famfon ABS ɗin gaba ɗaya a haɗa fayif kai tsaye, wai birkin zai fi ci. Gaskiya ne? In za a cire, yaya ake yi?"

Malam, matuƙar motar nan za ta ci gaba da hawa titin da jama'a ke bi, kada ka cire. Gyara shi. Idan kuwa ka yanke shawarar mayar da ita motar fili zalla, wadda za a riƙa ɗaukowa a kai ta wurin wasa a dawo da ita, to ana cirewa, amma ba ta hanyar da bakanikenka ya faɗa ba. Haɗa fayif kai tsaye shi ne mafi haɗari a cikin duk hanyoyin da ake da su, kuma dalilin ba shi ne wanda yawancin mutane ke zato ba.

Abin da ake zato shi ne aikin akwatin ABS, wato famfon da kwamfutarsa, ɗaya ne tak: hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi. A tsofaffin motoci haka ne. Lokacin da Mercedes-Benz da Bosch suka sa ABS a S-Class a 1978, ƙari ne a kan birkin da ya riga ya cika da kansa, kuma motoci da yawa na wancan zamani suna da bawul na ƙarfe a layin baya mai rage ƙarfin da ke zuwa tayoyin baya. A motarka babu wannan bawul. An cire shi tun daga masana'anta an miƙa aikinsa ga kwamfutar ABS, wadda ke lura da juyin tayoyin baya, da zarar ta ga sun fara jinkiri fiye da na gaba sai ta tsayar da ƙarin matsi zuwa gare su. BMW na kiran wannan EBV, wasu kamfanoni EBD. Tana yin haka tun kafin ka ji feda ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafarka, shi ya sa mai mota bai ma san ana yi ba. Kuma saboda masu ƙera motar sun dogara da wannan, sun bai wa birkin baya ƙarfi fiye da abin da za su iya ba shi da babu kwamfuta. Ka cire akwatin ka haɗa fayif, ka bar wannan ƙarfin a sake ba mai riƙe masa linzami.

Ga yadda lissafin yake. Mu ɗauka motar da direba kilo 1,500 ce, rabi gaba rabi baya idan tana tsaye, wato kilo 750 kowane ɓangare. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya a E46 mita 2.725 ce. Mu ƙaddara tsakiyar nauyinta na da tsayin rabin mita daga ƙasa. Idan ka taka birki a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau har motar na rage gudu da ƙarfin da ya kai na jan ƙasa, nauyin da ke komawa gaba shi ne 1,500 sau 0.5 a raba da 2.725, wato kusan kilo 275. Gaba ya koma ɗauke da kilo 1,025, baya ya rage 475: kashi 68 da kashi 32 cikin 100. Taya ba ta iya riƙe ƙasa fiye da gwargwadon nauyin da ke danne ta. A daidai lokacin da ka fi taka birki, a lokacin tayoyin baya suka fi sauƙi, matsin man birki kuma yana ta ƙaruwa a kansu daidai da na gaba. Su za su fara kullewa.

Bambancin kullewar gaba da ta baya shi ne duk maganar. Idan tayoyin gaba suka kulle, sitiyari ya daina aiki, motar ta tafi miƙe inda ta dosa. Ka sassauta ƙafa kaɗan, sitiyari ya dawo. Idan na baya suka kulle, babu abin da ke riƙe bayan motar a layi. Ɗan karkata kaɗan na titi, ko rami, ko motsin hannu, sai bayan ya zagayo, motar ta yi katantanwa. A gudun kilomita 100 wannan na faruwa kafin ƙwaƙwalwa ta gama gane abin da ke faruwa. Kuma mugun abin, a tuƙin yau da kullum ba za ka ga alama ba. Za ka yi wata shida kana yabon bakanike cewa birki ya yi tauri ya yi ci, sai ranar da babur ko akuya ta gitta maka.

Zancen "zai fi ci" kuwa, ABS ba ya rage ƙarfin birki ko kaɗan idan taya ba ta kusa kullewa ba. Man yana ratsa akwatin ne kawai ya wuce. Taya na bayar da mafi girman riƙo ne lokacin da take juyawa ƙasa da gudun motar da kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Da ta wuce nan ta kulle, riƙon ya ragu. Mota mai gudun kilomita 100 a awa na cin mita 27.8 a daƙiƙa. In riƙon taya ya kai 1.0, wato daidai da nauyin da ke danne ta, za ta tsaya a cikin kusan mita 39. In ya sauka zuwa 0.75 saboda tayoyin sun kulle suna jan ƙasa, sai ta ci kusan mita 52. Mita 13 ke nan tsakani, kusan tsawon mota uku. Inda masu ƙorafi suke da gaskiya shi ne burji, tsakuwa da yashi. A can tayar da ta kulle tana tara ƙasa a gabanta kamar tudu, tudun ya taimaka wajen tsayar da ita, ABS kuma yana ta sakin tayar yana hana tudun taruwa, sai mota ta ƙara nisa. Da yawa daga cikin ƙiyayyar da ake yi wa ABS a garuruwanmu daga nan ta samo asali, daga hanyar da iska ta shimfiɗa wa yashi a kan kwalta. Ko a nan ɗin, sitiyari na hannunka, wanda tayar da ta kulle ba za ta ba ka ba.

Kafin a kai ga zancen cirewa, a gano abin da ya kunna fitilun. Fitilu uku tare a E46 sau da yawa ƙaramin abu ne. A sa kwamfutar da ke iya shiga ɓangaren DSC, wato tsarin BMW na hana mota zamewa, domin ƙaramar na'urar da ke karanta inji kaɗai ba za ta ga komai ba. A karanta lambar matsalar, sannan a tuƙa motar a hankali ana kallon gudun tayoyin huɗu a allo. Su huɗun su tashi tare su sauka tare. Wadda ta tsaya a sifili, ko take tsalle, nan ciwon yake. A ciro sansar wannan tayar, wato na'urar da ke karanta juyinta: sau da yawa za ka tarar da bakinta ya yi gemu da garin ƙarfe da laka, ko wayarta ta goge a jikin shokozoba har jan ƙarfen ya fito, ko zoben haƙoran da take karantawa ya yi tsatsa ya tsage. Tsofaffin sansa masu naɗin waya ana auna su da mita, yawanci su nuna tsakanin ohm 800 zuwa 2,000. Na zamani, irin waɗanda ke tare da akwatin ABS samfurin Teves MK60 da ke cikin E46 na ƙarshe-ƙarshe, suna aiki ne da wutar da akwatin ke ba su, suna mayar da sigina tsakanin miliamfa 7 da 14. Auna ohm a kansu ba ya gaya maka komai. Wannan ma ya sa ba a sa sansar wani ƙarni a wani ƙarni ko da ta shiga ramin.

Sai a duba batir da caji, domin ƙarancin wuta na kashe tsarin. A duba makunnin fitilar birki da ke bayan feda, da sansar sitiyari idan an taɓa yin alaimen ko an cire sitiyarin. A duba tayoyi: taya 'yar Beljiyam ɗaya mai lamba daban da sauran tana juyawa da gudu daban, kwamfuta ta ɗauka zamewa ce. Idan bayan duk wannan akwatin ne da kansa ya mutu, nasa na hannu yana samuwa a kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja ko Ladipo a Legas. A tabbata lambar jikinsa ta dace, a yi masa kodin a motar, a daidaita sansar sitiyari. Kuɗin wannan sau da yawa bai kai na cirewar da aka yi yadda ya kamata ba.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ka yi wa kanka: ABS ne ke damunka a fili ko DSC? Mai wasan juya bayan mota abin da ke kashe masa wasa shi ne kwamfutar da ke yanke totur tana kama birkin taya ɗaya don miƙar da motar. Wannan DSC ne, kuma yana da maɓalli. Ka danna ka riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, ya kashe, ABS da rabon birkin gaba da baya su ci gaba da aiki. Yawancin masu neman cire ABS wannan maɓallin kawai suke bukata a ce yana aiki.

Dalilan gaskiya na cirewa kaɗan ne. Na farko, dokar gasar ta hana. Formula 1 ta haramta shi tun 1994, wasu ajin tsere ma haka, ko da yake motocin tsere na ajin GT3, waɗanda ƙwararru ke tuƙawa, da ABS ɗinsu suke gudu, irin wanda aka tsara don tsere. Na biyu, birkin hannu na haidirolik da ake sakawa a layin baya don wasan juyi: motarka na da fayif biyu daban zuwa tayoyin baya bayan akwatin, kuma ABS na ganin kullewar da ka yi da gangan a matsayin matsalar da zai gyara. Ko wannan akwai mafita mafi tsabta, wato sa kalifa ta biyu (abin da ke matse fad a kan farantin birki) a kowace tayar baya da ƙaramar mastarta (silindar da ke tura man birki) da tankinta daban, ba tare da an taɓa birkin ƙafa ba. Na uku, abin da masu tsere ke kira yanayin ƙanƙara: an sa tayoyi masu ɗanko sosai da fad mai cizo, an taka birki farat ɗaya a wuri mai gargada, kwamfuta ta ɗauka kan ƙanƙara ake, feda ta yi tauri kamar dutse motar kuma ba ta rage gudu yadda ya kamata. An san wasu motocin gudu da wannan. Maganinsa a wurin masu abin shi ne ABS mafi kyau, ba rashinsa ba. Shi ya sa ake ciro MK60 na E46 M3 a dasa a wasu motocin tsere, masu hali kuma su sayi na Bosch Motorsport. Rage nauyi ba dalili ba ne. Akwatin da fayif ɗinsa kilo kaɗan ne.

Cire fiyus ko zare wayar sansa ɗaya ba ya maye gurbin komai. Yana kashe ABS, yana kuma iya kashe rabon birkin baya tare da shi, wato daidai haɗarin da na bayyana, sai dai fayif bai taɓu ba. Jar fitilar birki da ke kamawa tare da ta ABS a motoci da yawa ma'anarta ke nan: rabon ya tafi. Motarka a halin da take yanzu, da fitilu uku a kunne, mai yiwuwa a wannan yanayin take, don haka ka tuƙa ta da sanin haka har a gyara.

To idan motar fili ce kuma an yanke hukunci, ga aikin.

Fara da gane yadda aka raba layukan. Masta na da ɗakuna biyu masu zaman kansu, don idan ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da mota. A BMW mai jan baya rabon gaba da baya ne: ɗaki ɗaya na tayoyin gaba biyu, ɗaya na baya biyu. A yawancin motoci masu jan gaba rabon gicciye ne, gaba-dama da baya-hagu a ɗaki ɗaya, gaba-hagu da baya-dama a ɗayan. Irin waɗannan bawul ɗaya ba ya isa, sai biyu masu saiti iri ɗaya ko a sake tsara layukan gaba ɗaya. Fayif shida ne ke jikin akwatinka: biyu daga masta, huɗu zuwa tayoyi. Kada ka dogara da zato. Bi kowanne da hannu har inda ya ƙare, ka manna masa tef ka rubuta, ka ɗauki hoto kafin sifana ta taɓa komai. Dokar da ba a karyawa ita ce ɗakunan nan biyu kada su haɗu a ko'ina. Wanda ya tattara fayif shidan a mahaɗa guda ya mayar da motar mai layi ɗaya. Tiyo ɗaya ya fashe, feda ta tafi ƙasa babu birki ko a taya ɗaya.

Kayan da ake bukata: fayif na birki mai kaurin milimita 4.75, wanda a inci ake kira 3/16, na ƙarfe mai rufi ko na gaurayen jan ƙarfe da nikel, kimanin mita 5 zuwa 8 gwargwadon inda za ka ajiye bawul. Mahaɗa mai baki uku guda biyu. Notocin fayif masu zaren M10×1, da wasu M12×1 domin wasu bakunan masta sun fi girma, don haka a auna kafin a saya. Bawul mai saiti na rage matsin baya, irin na Wilwood ko Tilton. Na'urar buɗe bakin fayif. Abin lanƙwasa fayif. Sifanar fayif mai tsaga a baki. Maƙalai masu roba. Da man birki DOT 4 lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a rufaffiyar gwangwani.

A wajen fayif ɗin nan ne ake kashe mutane. Matsin da ke cikin layin birki idan an taka da firgici yana haura bar 100 a ma'aunin matsi. Fayif ɗin jan ƙarfe zalla na firji ko na AC yana da laushi, girgizar mota na sa shi ya yi tauri ya tsage daidai gindin noti. Ba a walda a layin birki, ba a liƙa da gas, ba a amfani da mahaɗar famfon ruwa mai zobe, ba a naɗa farin tef a zaren noti don tsayar da yoyo. A irin wannan haɗin ba zare ke toshe mai ba, bakin fayif ɗin ne da ke zama a mazauninsa. Kuma bakin iri biyu ne. Motocin Jamus na amfani da baki mai kumburi, wanda in ka kalle shi kamar kan ƙaramar albasa yake. Motocin Japan da Amurka yawanci baki mai ninki biyu ne, buɗaɗɗe kamar mazurari. Zarensu na iya zama ɗaya, notin ya shiga ya ɗaure lafiya, amma bakin bai zauna ba; zai riƙe a gareji ya saki a fili. Leƙa cikin ramin da fitila: in gindinsa ya lotsa ciki, mai kumburi yake so, in akwai ɗan tsini a tsakiya yana kallonka, mazurari yake so. Baki mai ninki ɗaya ba shi da wuri a birki sam. Bawul ɗin Wilwood da makamantansa kuma ramukansu zaren 1/8 NPT ne na Amurka, sai da adafta. Nan kaɗai ne ake shafa ɗan maganin toshe zare, shi ma ba a bari ya kai zaren farko don kada ya shiga cikin mai.

Cire kan batir. Zuƙe man da ke tankin birki. Danne feda kaɗan da katako tsakaninta da kujera, wannan na rufe hanyar tanki ya rage zubar mai. Shimfiɗa tsumma, domin man birki na cin fenti. In ya ɗiga a wanke da ruwa nan take. Kwance notocin da sifanar fayif, sifana mai buɗaɗɗen baki na murje kusurwoyinsu. Sannan a haɗa: bakin masta na gaba zuwa mahaɗa mai baki uku, daga nan zuwa fayif ɗin gaba-dama da gaba-hagu. Bakin masta na baya zuwa mashigar bawul, mafitar bawul zuwa mahaɗa ta biyu, daga nan zuwa tayoyin baya biyu. Bawul na da mashiga da mafita a rubuce a jikinsa, in aka juya shi ba ya aiki. Ba a taɓa sa shi a layin gaba. Yana rage baya ne kawai, ba ya ƙara wa kowa ƙarfi. Idan kana son ka riƙa saita shi daga kujera, a shigo da layin cikin mota ta ramin da aka sa wa roba, ba ta tsirarar ƙarfe ba. A ɗaure fayif da maƙali kowane santimita 25 zuwa 30, nesa da salansa da duk abin da ke motsi, mahaɗan ma a ɗaure su a jikin bodi kada su rataya a kan fayif. Kusa da masta a bar ɗan lanƙwasa don ya shanye girgiza. Notocin M10 ba sa son ƙarfi, wajen Nm 15 ne a sifanar auna ƙarfin ɗauri. Wanda ya ɗaure da dukan ƙarfinsa ya murƙushe bakin da ya sha wahalar yi. Idan akwai sansar matsi a jikin masta, a bar ta a wurinta tana toshe raminta.

Ɓangaren wuta shi ne inda E46 ke wahalar da mutane, sabanin E36 da ta gabace ta, wadda ke ɗaukar gudun mota daga sansa a jikin difaranshal. A E46 gudun da agogo ke nunawa daga sansar tayar baya yake fitowa, ya bi ta kwamfutar ABS. Ka zare ta, agogon gudu da na kilomita su mutu, kurus mai riƙe wa direba gudu ya daina aiki, giya mai canza kanta na iya shiga yanayin kare kai, kwamfutar inji ma ta yi ƙorafin rashin sigina. Akwatin kuma yana kan layin CAN, wayoyi biyu da kwamfutocin motar ke magana ta kansu, waɗanda ke bukatar rizisto mai ohm 120 a kowane ƙarshe. Da batir a cire, auna tsakanin wayoyin biyu: 60 lafiya ne, 120 na nufin ɗaya ta fita tare da akwatin, sai a maye ta. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar kwamfutar a jone da wayoyinta da sansan tayoyi, a toshe ramukan man da noti, ta ci gaba da bayar da gudu ko da ba ta riƙe da birki. Fitilun a kashe su ta kodin. Kada a cire ƙwan jar fitilar birki ko a liƙe ta da baƙin tef, domin ita ce kuma ke gaya maka mai ya yi ƙasa a tanki.

Abu na gaba shi ne cire iska daga layukan. Idan masta ta bushe, a fara cire mata iska ita kaɗai kafin a haɗa layuka. Sa bawul ɗin a mafi ƙarancin ragi yadda mai zai wuce ba takura, a fara daga taya mafi nisa da masta: baya-dama, baya-hagu, gaba-dama, gaba-hagu a mota mai sitiyari a hagu. In da na'urar tura mai ake yi, bar 1 zuwa 1.5 ya isa. In da ƙafa ne, a sa katako ƙarƙashin feda kada ta kai ƙasa, domin a tsohuwar masta ƙarshen silinda ya yi kaushi, robar fistin ta bi ta kai ta yage. Kada tanki ya sauka ƙasa da rabi. DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma yana shan danshin iska, wanda ya jiƙa na iya saukowa wajen 155. Shi ya sa motar fili ake canza mata mai akai-akai, kuma ba a zuba na gwangwanin da ya kwana a buɗe. DOT 5.1 na gauraya da DOT 4. DOT 5 na silikon ne, ba ya gauraya da su, kada kamannin lamba ya ruɗe ka. Bayan an gama, taka feda da dukan ƙarfi ka riƙe daƙiƙa 30 inji na aiki. Kada ta nutse ko kaɗan. Wani ya bi kowane haɗi da busasshiyar takarda. Ɗigo ɗaya ya isa a sake wannan bakin.

Saitin bawul a fili ake yinsa, wuri mai faɗi da babu kowa, da tayoyin da za ka yi wasa da su da iskarsu daidai. Fara da mafi yawan ragi. A irin na Wilwood mai murɗawa, warware shi waje gaba ɗaya shi ne mafi ragi, kusan kashi 57 cikin 100 na matsin. Tashi zuwa kilomita 50, taka a miƙe kana ƙara ƙarfi har taya ta yi ƙara, wani na tsaye gefe nesa yana kallon wacce ta fara tsayawa, ko ya ɗauki bidiyo. Ɗigon farin fenti a gefen taya na sauƙaƙa gani. Gaba ya kamata ya kulle. Ƙara wa baya da juyi ɗaya, sake gwadawa. Ci gaba har ka ji bayan ya fara motsi ko ka ga ya kulle tare da gaba, sannan ka koma baya juyi ɗaya zuwa biyu. Maimaita a kilomita 80, sannan da tankin fetur kusan babu mai, domin a lokacin baya ya fi sauƙi. Idan da mafi yawan ragi ma baya na riga gaba kullewa, bawul ya gaza. Sai a sa fad mai ƙarancin cizo a baya ko kalifa mai ƙaramin fistin, kada a fita da motar a haka.

Ka kuma san abin da ka saya da wannan aikin. Koma kan lissafin farko: a jiƙaƙƙen wuri ko mai ƙura inda riƙo bai wuce 0.4 ba, nauyin da ke komawa gaba kilo 110 ne kawai, rabon ya zama kashi 57 da 43. Saitin da ya dace da 68 da 32 ba shi ne ya dace da wannan ba. Kwamfuta na sake rabon a kowace taya sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, bawul kuwa saiti ɗaya yake riƙewa har sai ka miƙa hannu ka murɗa. A kwana ma tayar ciki ta gaba ta fi ta waje sauƙi, ita za ta fara kullewa, kuma kulle ɗaya a babban gudu na cinye roba wuri guda ya bar faci. Daga nan tayar ta riƙa bugawa a sitiyari, kuma kullum a kan facin za ta sake kullewa. Ƙafarka ce za ta koyi kai birki bakin kullewa ta tsaya nan, ta sassauta kaɗan da jin ƙara ba tare da ta ɗaga gaba ɗaya ba, kuma wannan sai da maimaici mai yawa a fili da asarar tayoyi.

Ta fuskar doka, a Birtaniya motar da aka ƙera da ABS ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, MOT, idan fitilarsa na kunne ko an cire shi. Amurka ta wajabta tsarin hana zamewa irin DSC a sababbin ƙananan motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai a duk sababbin motoci daga Nuwamba 2014, kuma wannan tsarin a kan ABS aka gina shi. Idan kana da inshora mai cikakken rufi, sauya birki ba tare da sanar da su ba na iya zama dalilin ƙin biya. Ajiye akwatin da fayif ɗinsa na asali da ka ciro, ka toshe bakunansu kada ƙura ta shiga, ka sa su a leda da lambobin da ka rubuta. Duk ranar da motar za ta koma titi ko za ta canza hannu, da su za a mayar, kuma wanda zai saya a gaya masa abin da aka yi mata kafin ya karɓi makulli.